Gangaren Jar Mota da Kabarin Mahaifina

Zuwa ga Mai Girma Hakimin garinmu,
Bakura, Jihar Zamfara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya. Ina gaishe ka da aiki da haƙuri da jama'a.

Kafin komai ina neman afuwa. Na san ba tarbiyya ba ce yarinya kamata ta ɗauki biro ta rubuta wa babba, balle har jama'a su karanta. Ni ɗaliba ce a aji biyar na sakandare, ko a aji ba na magana sai an kira sunana. Sau uku ina rubuta takardar nan ina yagewa. Abin da ya sa na daure shi ne babu namiji a gidanmu. Mahaifiyata tana aure a Maradun, daga ni sai kakata Inna Dije da ƙannena mata biyu. Mahaifina ya rasu shekara huɗu ke nan. Yana kwance a tsohuwar maƙabartar da ke bayan katangarmu, kuma ina tsoron ruwan bana zai tone shi.

Na farko. Maƙwabcinmu, wani Alhaji da ba zan kama sunansa ba, ya ɗaga harsashin gidansa sosai saboda ruwa, har ƙofar ta zama sai an hau. Bayan babbar Sallar bara ya kawo wata mota ja mai ƙofa biyu, gilashinta baƙi. Cikinta dab da ƙasa yake, ko kaza sai ta sunkuya kafin ta shige ƙarƙashinta. Ranar farko da ta nufi ƙofar, haɓarta ta daki ƙasa, ta kasa hawa. Direban ya nemo katako biyu masu kauri yana shimfiɗawa, ya riƙa shiga a karkace, taya ɗaya sannan ɗaya, a hankali. Wajen wata guda ina ganin haka in za ni makaranta, motar tana shiga lafiya. Sai muka ji an ce Alhaji ya ce motarsa ba amalanke ba ce da za a riƙa jera mata katako.

Na biyu. Aka yi ciko da ƙasa, aka zuba kankare a kai, aka ja gangare mai tsawo daga ƙofarsa har cikin layi. Gangaren ya haɗiye lambatun unguwa, ba a sa kwalbati ba. Da damina ta kankama, ruwan ya rasa hanya, ya bi gindin katangarmu ya faɗa maƙabarta. Nakan taka turmi in leƙa. Kusurwar da mahaifina yake ta lotsa, ƙayar da aka rufa wa kaburburan duk ruwa ya kwashe.

Na uku, kuma shi ne nake jin nauyin faɗa. Leburorin da suka yi aikin baƙi ne. Shingen maƙabartar ya daɗe da mutuwa, ba su san inda ta fara ba. Suka ga tudun jar ƙasa kusa, suka yi ta ɗiba da baro. Ɗan gari ba zai sa shebur a wurin ba, amma da hantsi suka yi aikin, maza suna gona, ni ina makaranta, Inna kuwa ba ta leƙa waje.

Ƙarshen damina kankaren ya tsage ta gefe. Jar ƙasa ta fara zubowa, tare da tsingaron tukunya. Ƙanwata Safiya ta tsinto guda uku tana wasa da su a tsakar gida. Inna maginiyar tukwane ce kafin idonta ya yi rauni, kuma tana da alamarta: takan murza totuwa a wuyan tukunya, ta danna babban yatsa sau uku. Ta karɓi tsingaron ta shafa, ta sake shafawa. Sannan ta ce, "Wanga hannuna ne. Ban saida su ba, ɗana na ba."

Na tuna mata cewa ta gina tukwane da yawa a garin nan. Sai ta sa na duba gindin ɗaya. Babu baƙin hayaƙi ko kaɗan, ba a taɓa ɗora ta a murhu ba. Ranar da mahaifina ya rasu sababbi guda huɗu ta fitar daga ɗakinta ta ba masu jana'iza. Ranka ya daɗe ya fi ni sanin ba a saman kabari ake ajiye su ba. A ciki ake jera su, a rufe mamaci, sannan a zuba ƙasa.

Na huɗu. Akwai abin da ban iya fassarawa ba, zan faɗa yadda na gani. Awakin unguwa, inda duk aka yi sabon siminti nan suke kwanciya. Wannan gangaren kewaye shi suke yi. Kuma sau biyu ana ƙara masa tsawo, motar ba ta daina karce ciki ba. Kullum wajen azahar, lokacin da layi ya yi tsit, sai ta taho a hankali, ba a ganin na ciki. Ta hau har tsakiya, sai ka ji ƙarar nan, irin ta shebur in ya ci karo da tukunya a cikin rami. Malamin kimiyyarmu ya ce ciko ne yake zama saboda ruwa yana bi ta ƙasa, shi ya sa tsakiyar ta yi doro. Na yarda da malamina. Amma in Inna ta ji ƙarar, ko loma ce a hannunta ajiyewa take yi, ta fara salati, ranar kuma ta gama cin abinci ke nan.

Ba mu yi shiru ba. Inna ta kama hannuna muka shiga gidan, matan suka karɓe mu da mutunci, suka ce Alhaji yana Abuja, su kuma ba su da ta cewa a kan aikin ƙofar gida. Mun aika wa baffana a Birnin Tudu, yana kwance da ciwon ƙafa. Mu kuwa mata ne, ba a san mu da shiga maƙabarta ba. Kabarin taku ashirin ne daga inda nake wanke-wanke, amma ba ni da ikon zuba masa ko tafin hannu na ƙasa.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Hakimi, kafin hadari ya haɗu:

1. A turo dattawa da liman su duba kusurwar, su gyara abin da ya buɗe, na mahaifina da na maƙwabtansa.
2. A yi wa Alhaji magana ya buɗe lambatun ya sa kwalbati. Ba na zaton ya san abin da motarsa take takawa. In ya sani, ina kyautata masa zaton zai kwashe cikon ya mayar inda aka ɗebo. Katakon nan biyu suna nan jingine a jikin katangarsa.
3. A yi wa maƙabartar shinge, ko na ƙaya ne.
4. A samo namiji ɗaya ya karɓi tsingaron ya mayar da su cikin kabarin. Yanzu guda goma sha ɗaya ne. Inna ta naɗe su a farin ƙyalle ta sa a ƙarƙashin matashinta, ta ce ba a barin mutum a buɗe.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka da zuriyarka, ya jiƙan magabatanka, ya sa ƙasa ta yi musu sauƙi.

In ban yi rashin kunya da yawa ba, ina neman izinin sake rubutowa sau ɗaya, washegarin ruwan farko. Zan taka turmin in leƙa. Ina fatan godiya zan rubuto. In kuma ba a samu zuwa ba, a yi mini izini in faɗi abin da na gani, domin Inna ba zan iya faɗa mata ba.

Wassalam.

'Yarka,
Rabi'atu, jikar Inna Dije.