Cokalin Ɗana Ya Iso Gida Ba Tare Da Shi Ba

Yaya Orisiya,

Ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ɗana Zahar kiwon zuma yake yi a ƙauyenmu kusa da birnin Poltaba kafin yaƙi. Yanzu shi ne shugaban masu harba wata igwa da ƙasashen waje suka ba mu. Ba don ni na haife shi ba, yaron nan akwai kai. Turawan da suka koya masa sun ce 'yan makonni ya yi ya fi su sanin halinta.

To, an zaɓe shi ya tafi Kanada karatun fiye da shekara, ya dawo ya horar da hafsoshin da za su riƙe sojanmu bayan yaƙi. Gogan naki ya ce ƙafarsa ƙafar mutanensa, ba inda za shi.

Kin san sojanmu da cokalinsa, a takalmi yake soke shi, ba ya rabuwa da shi sai rai ya yi halinsa. Ranar Laraba aka kira ni gidan waya, na buɗe ƙunshi, sai ga cokalin Zahar, ba ko 'yar takarda. A nan na zube. Matan da ke layi suka yi ta shafa mini ruwa, wata har ta fara yi mini ta'aziyya. Can sai ga wayar Miron, mataimakinsa, wani tsohon direban tarakta mai kan kabewa. Wai yaron lafiyarsa lau, su ne suka sace cokalin suka aiko, don ya san sun cire shi daga tukunyarsu, ya tattara ya tafi karatu. Bai taɓa kawowa a ransa yadda uwa za ta fassara ba. Na zage shi tas, sannan na yi kuka, don ban taɓa ganin ƙauna irin tasu ba. Sun san in ya tafi su ne a ruwa.

Yanzu Zahar ya yi fushi, ya ce in mayar masa da abinsa. In na mayar, ya zauna ke nan. In na riƙe, na haɗa baki da su. Ni kuwa so nake ya rayu, ba zan ɓoye miki ba.

Uwar Mai Igwa

AMSA

'Yar'uwa, sannu da wannan firgita. Miron ya cancanci zagin, ya kuma cancanci kwalbar zuma.

Ɗanki ba taurin kai kawai yake yi ba. Wanda ya ci tukunya ɗaya da mutane a ƙarƙashin ruwan wuta, barinsu kamar cin amana yake a wurinsa, kuma wannan halin ne ya sa aka zaɓe shi. Amma mutanensa sun hango abin da bai hango ba. Igwar aro bakinta zai cinye, masu bayarwa ma wata rana za su gaji. Abin da zai rage mana shi ne mutanen da suka iya, suka kuma iya koyarwa.

Kada ki mayar ta gidan waya, kada kuma ki ɓoye. Ki ce ya nemi hutu ya zo ya karɓa. Kafin nan Miron ya zauna da shi baki da baki, ya nuna masa wanda zai riƙe igwar, don tsoronsa ke nan. In ya zo, ki zuba masa miya, ki gaya masa gaskiyarki yadda kika gaya mini, ba ado.

Daga nan zaɓi nasa ne. In ya ce fagen daga zai koma, ki soke masa cokalin a takalmi da hannunki, kada ya tafi yana ganin uwarsa ma ta juya masa baya.

Allah Ya tsare miki shi, Ya tsare waɗanda suka yarda su rasa shi.

Orisiya