Sunan Babba

Litinin, 5 ga Satumba 2022

Takardar ta fito. An tura 'yata Babba wani ƙauye can bayan Damagaram Takaya, gidan likita mai ɗaki uku, ita ce za ta zama ungozomarsu. Tun daga zaure na ji dariyarta. Ta durƙusa ta miƙo mini afektasiyon ɗin, takardar tura ta aiki, da hannu biyu. Na ce, "To, Allah ya sa alheri," na ci gaba da tsintar shinkafa. Da tsakuwarta muka ci.

Zakariya'u yana Agadas wajen gyaran motoci. Aliya tana jami'a a Yamai. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, shekara uku ke nan da rasuwarsa. Ita kaɗai ta rage mini a gidan nan, ita ma ga takarda.

Talata, 6 ga Satumba

Ko a cikin littafin nan Babba nake rubutawa. 'Yar fari ce, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, haka muka tarar. In tana kusa in ce "ke". In tana nesa in ce wa Aliya, "Kira mini yayarki." Shekara ashirin da biyar muna haka. Da tana ƙarama, in ta faɗi a gaban mutane ba na ɗaga ta, sai in tsaya wata ta ɗaga.

Ni ma 'yar fari ce. Iya ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Barira ba. Ai ban mutu ba.

Alhamis, 8 ga Satumba

Daga kasuwa na biya gidan Alhaji Idirisu, ƙanen Malam. Ya san mutane. Na ce ya taimaka a maido da yarinyar nan cikin gari, ko Birni ko Zengo, ko ina ne, in dai za ta kwana gida. Ya ce sai da dalili. Na ce ga tansiyo, hawan jinin nan, yana damuna. Ba ƙarya na yi ba, yana hawa in ya ga dama. Ya ce in kawo takardar likita.

Ya tambaye ni, "Ita ta sani?" Na ce wannan ba ruwansa.

Juma'a, 9 ga Satumba

Na kai takardar. Babba kuwa ta kai farar rigar aikinta wajen tela a rage mata hannu.

Laraba, 14 ga Satumba

Kulu maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana cewa an ga 'yata a kasuwa tana sayen bokiti da fitila mai caji. "Ke kuma ko tsintsiya ba ki saya mata ba, Barira?" Na ce akwai lokaci. Ta dube ni ta ce, "Ke dai akwai abin da kika ƙulla." Matar nan Allah ya ba ta hanci.

Lahadi, 18 ga Satumba

Abin ya ɓaci.

Hasana, ƙawar Babba, wadda suka gama lakwal ɗin ungozoma tare, ta zo da hantsi da goyonta na wata huɗu. Ina madafa ina jin su. An kira ta an ce mai yiwuwa ita za ta je ƙauyen, Babba ta karɓi wurinta a gari. Hasana kuka take. Mijinta yana koyarwa a nan, uwarta ba ta gani sosai. Babba tana ta rantsuwa ba ta san komai ba.

Wallahi ban taɓa kawo wa raina cewa in an cire ɗaya sai an saka wata ba. Ko na kawo, na kawar da kai. Muciya tana hannuna har tuwon ya kama.

Litinin, 19 ga Satumba

Matar Alhaji Idirisu ba ta iya riƙe magana, tun tana amarya haka take. Babba ta ji komai.

Ta same ni bayan la'asar ina gyaran zogale. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Mama, ke kika kai takarda?" Na ce ni ce. Ta ce, "Ki je wajen Baba Idirisu, ki je wajen likita, duk garin ki zaga, amma ni da ke muna kwana gida ɗaya ba za ki iya gaya mini ba?" Na ce, "Ke, kada ki yi mini rashin kunya." Ta ce kunyar ce ai ta kawo mu nan.

Sai ta ce abin da har yanzu yake mini amo a kunne. "Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ban san ko kina so na ba, ko dai mai ɗebo miki ruwa kike so. Ki kira sunana sau ɗaya, ki ce kada in tafi. Wallahi in kika faɗa na zauna, ko aikin zai tafi."

Ta jira. Ta jira sosai. Sannan ta kwashe zogalen da ya zube ta maida mini cikin faranti, ta shiga ɗaki.

Mai ɗebo ruwa. Ni da na yi kwana tara a gidan likita ina riƙe da ƙafarta lokacin ƙyanda, ina cewa mutane 'yar maƙwabta ce nake taya jinya.

Talata, 20 ga Satumba

Ba ta ci abinci ba. Ni ma.

Laraba, 21 ga Satumba

Da ta fita na gwada. Na shiga bayan gida wajen akuya, na buɗe baki. Sunan ya zo har maƙogwaro, sai na ji kamar Iya tana tsaye a bayana. Akuyar tana kallona tana tuƙa. Tsohuwa da ni, ina koyon magana a gaban dabba.

Amma ba kunyar kaɗai ba ce, gara in faɗi gaskiya tun da babu mai karanta wannan. Zan iya. In na matsa wa kaina zan iya. Kuma in na faɗa za ta zauna, 'yar ubanta ce, ba ta janye rantsuwa. Za ta zauna ta dafa mini, ta auna mini tansiyo, ta tsufa a tsakar gidan nan tana kallon ƙofa. Hasana kuma ta ɗauki jariri ta tafi daji saboda ni. Sunan da na ɓoye shekara ashirin da biyar, ranar da zan fara fito da shi in ɗaure ta da shi?

Ina son ta zauna. Ina so, ina so.

Alhamis, 22 ga Satumba

Na koma wajen Alhaji Idirisu na ce a bar maganar. Ya yi faɗa, ya ce na sa ya zubar da girmansa a banza. Na ce ya yi haƙuri, tansiyon ya sauka. Ya ce, "Yaya Barira, ke da kanki ba ki san abin da kike so ba." Na sani sarai.

Ban gaya mata ba. Za ta ji wajen matarsa.

Asabar, 1 ga Oktoba

Sati guda ina haɗa kaya. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, gidan sauro, tukunyar nan ƙarama da take so. Muna magana, amma ta tukunya da gishiri. Ta ce, "Na gode da kika janye." Na ce, "Ki ɗaure bakin yajin da kyau." Shi ke nan.

A ganinta na gwammace ta tafi da in kira sunanta. Na ga haka a fuskarta. Ban san yadda zan gyara wannan ba, ba tare da na ɗaure ta a gida ba.

Litinin, 3 ga Oktoba

Ta tafi.

Uwa ba ta raka 'yar fari tasha, amma na ce zan sayi albasa a can wajen. Kulu ta yi dariya ta bi mu. An ɗaure kayan a saman mota. Ta durƙusa a gaban mutane ta ce, "Mama, na tafi, ki yafe mini." Ta ɗago ido tana kallon bakina. Na ce, "Ke, ki dinga sakin gidan sauron tun magariba."

Motar ta tashi. Na dawo ba albasa.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Na sake dama fura kofi biyu.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Wai babu rezo a ƙauyen, waya ba ta shiga sai an hau wani tudu. Ta kira sau biyu. Lafiya lau, aiki da godiya, a gai da Inna Kulu. Minti ɗaya da rabi. Aliya kuwa ta ce sun yi kusan awa suna hira, har ta ba ta labarin wata mata da aka kawo a amalanke. Na ce madalla. Da na ajiye salula na zauna a ɗakinta. Ta bar tsohon takalminta a bayan ƙofa, ban taɓa shi ba.

Talata, 1 ga Nuwamba

Ashe ta yi masassara kwana biyar, har da ƙarin ruwa. Yau nake ji, a bakin Aliya, bayan ta warke. Babba ce ta ce kada a gaya mini saboda tansiyo. Tansiyon da na kai wa Alhaji Idirisu ne ya dawo mini.

Na ɗauko jaka na zuba kaya, na ce gobe sai na taho da ita ko ta ƙi ko ta so. Kulu ta shigo ta tarar da ni. Ta ce, "Ki taho da wa? Matar da ta kwanta ta tashi ba ki sani ba?" Na zage ta tas. Ta zauna ta ci gyaɗata har na gama. Da la'asar na maida kayan cikin akwati.

Na yi kuka yau, na gaske, irin wanda ban yi ba tun rasuwar Malam.

Litinin, 21 ga Nuwamba

Ta turo vokal, saƙon murya a salula. Ta karɓi haihuwa mai wuya, jaririya ta zo ba numfashi, ta yi ta fama har ta yi kuka. A ƙarshe ta ce, "Na ce bari in gaya miki." Na saurara sau bakwai. Na amsa da "Allah ya yi albarka." Na so in ƙara, yatsana ya saki maɓallin.

Alhamis, 8 ga Disamba

Kukar miyarta ta isa ƙarewa yanzu. Gobe zan kai mata. Kuka kawai.

Asabar, 10 ga Disamba

Na dawo. Ƙashina duk ciwo, daga Takaya a bayan moto mai ƙafa biyu aka kai ni.

Wurin ba komai. Ɗaki uku, rijiya, bishiyar aduwa. Na tarar da mata sun fi ashirin a kan tabarmi, ita tana tsakiya da farar rigarta tana yi wa wani magidanci faɗa don ya bar matarsa ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Mutumin ya girme ta nesa, kansa a ƙasa. Ban san tana da wannan muryar ba. Ta rame. Ta yi baƙi. Da ta gan ni ta tsaya cak, sannan ta zo ta durƙusa ta karɓi jakar.

Sunanta kuwa ko'ina. Tsofaffi, yara, majo mai kula da wurin, kowa kira yake, har na rasa inda zan sa kunnena.

Ina zaune sai wata yarinya ta matso da jaririya cikin zane. Ta ce, "Inna, ke ce kika haifa mana ita? To ga takwararta." Ashe jaririyar vokal ɗin ce, sunan Babba aka sa mata. Ta ɗora mini ita a cinya. Wata tsohuwa ta ce, "Ai kya kira ta ta san kakarta ta zo."

Babba tana tsaye a bakin ƙofa da littafin awo a hannu, ta juya mana baya.

Jaririya ce, ba 'yar farina ba ce, babu wanda zai ce na yi abin kunya. Na kama ɗan yatsanta na ce, "Ummul Khairi." Muryata ta fito kamar ta wata. Na sake. Na ce, "Ummul Khairi, kin sha wuya, kin yi ƙoƙari. Tun ranar da kika zo duniya ake son ki, ba a dai faɗa ba ne. Ki zauna inda Allah ya ajiye ki, kin ji? Ki yi aikinki."

Matan suka yi dariya, wai wane aiki jaririya take da shi. Ita ba ta juyo ba. Na ga kafaɗarta tana motsi, ta daɗe a shafi ɗaya. Sai aka kira ta ciki, ta goge fuska da hannun riga ta shiga.

Da safe ta raka ni wajen mai moto. Ta gyara mini lulluɓi, ta ce in dinga shan maganin a kan lokaci. Ban tambaye ta yaushe za ta zo gida ba. Sai da muka wuce rijiyar na lura ban tambaya ba.

Da jaririyar nake, ai kowa ya gani.

Takalmin nan na bayan ƙofa na wanke shi na sa a akwati. Fura kofi ɗaya na dama. Ummul Khairi ta kira da la'asar daga kan tudu, ta ji ko na sauka lafiya, muka yi ta hira har cajin ya ƙare.