Kada Ki Matse Bidiyon Rijiya

Ikilima,

Na tarar kin tafi ɗaukar bidiyon suna, ba zan iya jira ba. Mun wuce likitar Tanut da yayanki. An sare shi da takobi a kafaɗa a rijiyar Tarka, kan layin shayar da dabbobi. Jini ya jiƙa rigarsa sharkaf, amma yana magana.

Mutane sun ce Abdulgani maƙwabcinmu ne ya sare shi, har sun fasa masa baki da sanda kafin jandarma su ɗauke shi. Ni dai na saurari kowa. Salamatu mai nono ta ɗauki faɗan da wayarta, ta ba ni katin wayar. Yana cikin kwanon shan babanki, na rufe da faifai.

Bidiyon guntu uku ne. Ki haɗa su a kwamfutarki yadda suke. Kada ki matse kamar na biki, fuskoki za su dushe. A na biyu rawanin mai takobin ya zame, na kalla na sake kalla. Ba Abdulgani ba ne.

Farkon, inda yayanki ya fara kai mari, kada ki yanke. Na san za ki so yankewa.

Baffanninki suna zaure suna wasa takubba, wai bayan la'asar za su gidan su Abdulgani. Baffannin su fara ganin bidiyon, sannan jandarma. In sun ƙi kallo, ki tsaya a bakin ƙofa da kwamfutar a hannu.

Innarki