Tikitin Yumma Zuwa Tunis

Lahadi, 6 ga Oktoba

Yau ma ni na biya wa kowa abincin rana a ofis da katina, suka ba ni nasu a hannu. Sun daina tambaya, miƙo kuɗin kawai suke yi suna dariya. Su yi ta dariya. Makin da na tara a katin nan shekara biyu, babu wanda ya taɓa riƙe rabinsa a cikinsu.

A zaurenmu na waya, na masu tara maki, wani ya ce yana da tabbaci banki zai yi garaɓasa farkon Nuwamba. Duk wanda ya juya makinsa zuwa kamfanin jirgi za a ƙara masa kusan rabi kyauta. Na daɗe ina jiran wannan.

Da yamma na biya ta unguwar Marka wajen Yumma, mahaifiyata. Ta ce Halti Nawal, yayarta da ke aure a Tunis, jiri na damunta kwana biyu, har ta faɗi a kicin. "Ina so in je in gan ta, Nidal. Shekara shida fa." Na bugi ƙirji na ce ta bar min, ko ƙirshi ɗaya kada ta fitar, a makina za ta tafi. Ta yi ta sa min albarka har na kai bakin ƙofa.

Talata, 8 ga Oktoba

Na duba. Akwai kujera ranar Alhamis, akwai ta Asabar, akwai ta duk mako mai zuwa. Amma in na saya yanzu ta manhajar banki, makin zai tafi a wulaƙance, kusan duka, a kan kujerar gama-gari. In na jira Nuwamba, Yumma za ta zauna a ɓangaren manya na gaba, kuma a samu ragowar da zai kai ni da matata Rasha Istanbul.

Na kira ta na ce jirage sun cika, sai farkon wata.

Ta ce, "To, Allah ya sa hakan ne alheri."

Ai don ita nake yi. Mace mai ciwon gwiwa, awa huɗu a matse? Don ita ne.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Cin maƙluba a gidan Yumma, shinkafar nan da ake kife tukunyarta a faranti. Ƙanwata Suhair ta zo da bakinta kamar kullum. Da mai gas ya kawo tukunya na tambaye shi ko yana karɓar kati, sai ta ce, "Wallahi ranar da za a binne ka sai ka ɗago kai ka tambayi mai haƙa kabari ko yana da na'ura." Har Rasha ta ƙware da dariya. Matata ke nan.

Na shiga ɗakin Yumma neman cajar waya, na ga akwatinta a kan gado, a shirye tsaf. Garin yajin za'atar a leda biyu, jamid, busasshen nonon da ake miyar mansaf da shi, a naɗe cikin tawul, rigar sanyi mai ruwan toka da ta saƙa wa Halti. Saura mako uku, ta riga ta ɗaure kaya.

Bayan la'asar Halti ta kira ta bidiyo. Ita da Yumma in suka fara ba mai jin wani, magana kan magana, gulmar mutanen da suka mutu tun ban shiga makaranta ba. Ta hango ni ta ce, "Kai, marowacin nan! Yaushe za ka aiko min da ƙanwata? Ko sai ka ji an ce an kai ni?" Na ce, "Haba Halti, ke da za ki ga jikokin jikokinki." Ta ce wa Yumma akwai wata magana da ba ta waya ba ce, sai sun zauna su biyu a baranda. Yumma ta yi ta roƙo, ta ƙi.

Lafiyarta lau a idona. Har jan baki ta sa.

Litinin, 14 ga Oktoba

Rasha ta ce, "In babu kujerar maki, ka saya da kuɗi mana. Ba ka rasa ba." Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, yadda maki ɗaya ke iya zama fils biyar na kuɗinmu ko ya zama ashirin, ya danganta da haƙurin mai shi. Tana yankan kokwamba ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Wato akwai kujera ke nan."

Na koma kan wayata. Ita ma ta ci gaba da yankanta.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Banki shiru. Na duba saƙo ya fi a ƙirga.

Laraba, 23 ga Oktoba

Suhair ta kira, wai ita da mijinta za su haɗa su saya wa Yumma tikiti ko ta Alƙahira ne a zagaya. Raina ya ɓaci sosai, ban san daga ina faɗan ya taso ba. Na ce ni ne babba, na yi alkawari, kada ta maishe ni ƙaramin mutum a idon uwata. Albashinta na malamar makaranta nawa yake? Haka na faɗa mata. Ta ce, "Shi ke nan, ya Abu Lin," ta kashe. Ba ta kirana da sunan 'yata sai in ta ji haushi.

Sabon man zaitun ya iso daga garin Ajlun. Yumma ta cika kwalba ɗaya ta sa a akwati.

Laraba, 30 ga Oktoba

Anis ɗan Halti ya kira ina tsakiyar taro. Halti ta faɗi da safe a banɗaki. Shanyewar ɓarin jiki. Tana ɗakin kulawa ta musamman, ba a barin kowa ya shiga.

Na fita na tsaya a matakala. Abin da ya fara zuwa raina addu'a ce, wannan gaskiya ne. Abin da ya biyo baya shi ne: tunda ba a barin kowa ya shiga, kwana biyu ba za su canza komai ba, jibi ne ɗaya ga wata.

Na rubuta shi ne don in gan shi da idona.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Mun taru a Marka. Yumma na zaune a kan sallaya, ba ta kuka, tana ta murza gefen ɗankwalinta. Suhair ta jawo ni tsakar gida wajen bishiyar lemun tsami, ta sa min wayarta a fuska. Jirgin yau, kujeru a buɗe. Ta ce ta kira wata ƙawarta mai sayar da tikiti, ta gaya mata duk watan nan ba ranar da jirgin Tunis ya cika.

"Ka ce mata babu kujera."

Na ce kujerar maki daban take da ta kuɗi, ba za ta gane ba.

"Na gane sarai. Ka ajiye uwarmu kamar buhun shinkafa kana jiran farashi ya yi maka daɗi."

Na ce ta rage murya. Ta ce, "Sai yanzu ka san kunya?"

Tagar kicin a buɗe take. Da muka koma ciki Yumma na tsaye a wajen murhu tana dafa shayin da ba wanda ya nema. Ta zuba min ta miƙo, ta ce, "Sha, ka sha rana." Ko kallona ba ta yi ba. Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Garaɓasar ta fito, daidai yadda aka faɗa. Na juya makin. Kujerar gaba, ranar Lahadi.

Jiya akwai jirgi. Da na fitar da kuɗi, da yau ta kwana a can.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na kai ta filin jirgi. Akwatin ya yi nauyi amma ba su ce komai ba, tikitin manya ne. Yarinyar da ke kan teburin ta yi ta "Hajja, Hajja," ta nuna mata hanyar ɗakin hutun manya, inda ake cin abinci kyauta. Ni kuma na kama yi wa Yumma bayani kamar mai tallan gida: akwai maɓalli a gefe, in ta danna kujerar za ta kwanta, za a kawo mata tawul mai ɗumi, ta zaɓi kifi ya fi kaza.

Ta bar ni na gama. Ta ce, "Ƙarfe nawa zai sauka?"

Na faɗa mata. Na sunkuya na sumbaci hannunta, ta dafa kaina kaɗan ta janye. Na tsaya ina kallonta tana tafiya da ɗingishinta, jakar hannu a ƙirji, ba ta waiwayo ba. Ɗakin hutun ma ta wuce shi, na gani ta gilashi, ta je ta zauna a kujerun ƙarfe na bakin ƙofar jirgi tare da kowa.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ta sauka lafiya. Na tambaye ta yaya jirgin, bakina ne ya riga ni. Ta ce, "Kujera ce dai." Anis ya ce ba ta ci komai ba, ruwa kawai.

Wani abin kuma. Jiya da na dawo na ɗauki hoton tikitin na tura a zaure, har da lissafin abin da kowane maki ya tsaya. Ban yi tunani ba, ko kuma na yi. Yabo ya yi ta zuwa, wani ya ce ni ne sarkinsu, wani ya ce in buɗe aji. Ɗaya ya rubuta, "Uwar da ta haife ka ta huta."

Na goge hoton. An riga an gani.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

An fito da Halti ɗakin marasa lafiya. Yumma ta kira ta bidiyo ta juya min wayar. Ban shirya ba.

Ɓarin fuskarta ya sauka. Ido ɗaya ne ke kallona, amma ita ce a cikinsa, ta gane ni. Na ce, "Halti, sannu, ya jiki?" Bakinta ya yi ta motsi, ta yi ta ƙoƙari, abin da ya fito shi ne "to." Kalma ɗaya ke nan da ta rage mata. Ruwa, "to." Ciwo, "to." Likita ya ce ƙila magana ta dawo, ƙila ba za ta dawo ba.

Yumma ce ke hira ta mutum biyu. Ta ba da labari, ta amsa wa kanta da muryar Halti, ta yi dariya, sai ta goge wa yayarta yawu da gefen hannun riga. Ta sa mata rigar sanyin nan mai ruwan toka, hannu ɗaya a ciki, ɗayan a rataye.

Kafin ta kashe ta ce, ba da ni take ba, da kanta take, "Ko mece ce maganar nan da ta ce sai mun zauna."

Na shiga banɗakin ofis na daɗe.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Lin ta tambaye ni ko har yanzu za mu je Istanbul ni da mamanta, don tana so ta kwana gidan Suhair. Rasha ta ce ta je ta yi aikin makarantarta.

Suhair ba ta ɗaga wayata. Na tura mata saƙo mai tsawo, na goge, na tura "Ki yi haƙuri da maganar albashi." An karanta. Shiru.

Laraba, 13 ga Nuwamba

A gidan mai na miƙa katin kamar yadda na saba, na'urar ta yi ƙara, na ji kamar kowa a layin ya san ni.

Talata, 19 ga Nuwamba

An mai da Halti gida tun ranar Asabar. Anis na zuwa aiki, matarsa na da jariri, Yumma ce ke ɗaga ta, ta juya ta, ta kai ta banɗaki. Yau na ji tana nishi a waya lokacin da take zama. Na ce gwiwar ce? Ta ce a'a, kujerar ce gajera. Ba ta nemi komai ba. Tun ranar tagar kicin ba ta ƙara neman komai a wajena ba.

Na nemi hutun mako biyu, shugabanmu ya yi gunaguni ya sa hannu. Ragowar makin suna wajen kamfanin jirgi, kuma jirgin gobe ba shi da kujera mai rahusa, sai mai tsadar da kowa a zaure ke cewa mahaukaci ne kaɗai ke taɓawa. Ta cinye su kaf, har na cika da kuɗi. Layin ƙarshe, ta tsakiya, kusa da banɗaki.

Rasha na naɗe min riguna ta ce, "Nawa makin ya tsaya?" Na ce ban duba ba. Ta ɗago ta kalle ni. Gaskiya na fara lissafin a kaina a cikin lif, na kai rabi, ƙofa ta buɗe na fita. Ba wani abu ba ne, gajiya ce kawai.

Suhair ta aiko mijinta da maganin shafawa na gwiwa da ledar burodi mai riɗi, wai Halti na so. Ba saƙo, ba gaisuwa. A jikin ledar ta rubuta da biro: "Kada ka danne shi da takalma."

Ban san me zan ce wa Halti ba in na shiga. Rasha ta ce ba magana aka ce in je in yi ba, ɗaga ta zan yi, bayana lafiyarsa lau.

Ban gaya wa Yumma ina zuwa ba. Ina tsoron ta ce ba sai na wahala ba.