Tsutsar da Ta Shiga Kan Safiyya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fata kina cikin rahamar Allah a makwancinki na Kurfi.

Inna, jikarki Safiyya, wadda kika bari tana rarrafe, ita ce ba lafiya. Daga makaranta ta dawo tana cewa kanta zai tsage. Kafin a ce me, wuya ya sanƙare, ko haske ba ta son gani. Kowa ya ce sanƙarau ne. Aka yi ta allurai a nan Dutsin-Ma, ciwo sai gaba yake yi, aka tura mu Katsina.

A can aka ɗebi ruwa a gadon bayanta. Ni na dunƙule ta a jikina aka soka allurar, tana ƙanƙame zanena. Aka auna, aka sake aunawa, babu ƙwayar sanƙarau. Na ga likita yana ta juya biro. Na tuna kina cewa, "Ciwon da ba a san sunansa ba, shi ne abin tsoro."

Wata likitar yara ce ta sa aka aika ruwan can nesa, inda na'ura ke karanta ƙwayoyin halittar duk abin da ke cikinsa, ta ware na yarinyar, ta tona na baƙon abin da ya shiga jikinta. Muna cikin jira Safiyya ta daina gane babanta. Yana kiranta, tana kallonsa kamar mai wucewa a hanya.

Tsutsa ce, Inna. 'Yar siririya, irin wadda dodon koɗi ke bari a jikin ɗanyen ganye. Ta ciki ta bi, ta haura har ƙwaƙwalwa. Likitar ta ce ita ma a karatu kawai ta san ta. Nan take aka sauya magani, ga na kashe tsutsa, ga na saɓe kumburi.

Yanzu ta farfaɗo, har tana shan kunu. Amma idonta na hagu ya karkace, kuma ba ta tsayuwa sai ta dafa bango. Ba wanda ya iya ce mini zai daidaita. Ƙannenta kuwa, kwano ɗaya suke ci da ita. Duk wanda ya dafa kai a cikinsu, sai gabana ya faɗi.

Na gaji da yin jarumta a gaban yara, Innata. Da kina nan, a cinyarki zan yi kukan.

Allah ya haskaka kabarinki, ya tashi kafaɗun Safiyya, ya tsare mini sauran. Amin.

'Yarki,
Hadiza