Ƙafar Hagun Delmar

Madison, Tennessee
6 ga Oktoba, 1997

Zuwa ga ƙanin mijina, Royce,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da sanyin Toledo ɗinku. Takarda na rubuto tunda waya ba ta da amfani a wurinka. Wancan karon da na kira, ina ta ihu kana ta "na'am?" har maƙwabta suka leƙo.

Yayanka ne. Ciwon sugan nan ya sauko masa ƙafar hagu. Da 'yar kanta ya fara a ƙarƙashin babban yatsa, daidai inda yake taka fedar jitar nan tasa ta kwance, wadda ake juya mata sauti da ƙafa, yanzu yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin. Ni ke wanke masa safe da yamma, kuma ba zan ɓoye maka ba, sai na buɗe taga. Likita ya ce a yanke daga ƙasan gwiwa tun da sauran dama, in ba haka ba ruɓar za ta shiga jini. Ka san abin da Delmar ya ce wa bawan Allah? Wai, "Likita, ɗauki ta daman. Ita ƙara sauti kawai take yi, ko bulo na ɗora zai yi aikinta." Likita bai yi dariya ba, ni ma haka.

Na yi lallashi, na yi kuka, na yi masifa. Fasto ya zo ya cinye mini rabin kek ya tafi, ko gezau.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ƙafar ba ta jin komai yanzu, don haka ba ta danna feda har ƙasa. Sautin zai taso kamar da, sai ya tsaya a hanya bai kai inda za shi ba. Masu situdiyo sun daina kiransa tun bazara. Kowa sai ya ce aiki ne ya ja baya, an rasa mai kallon idonsa ya faɗa masa. Ni da na faɗa, cewa ya yi matar da ke waƙa a coci kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, ita ce za ta koya masa sauti?

Kunnenka kaɗai ya yarda da shi tun kuna yara. Ka maƙala na'urar jin nan taka ka zo ka saurare shi, ka gaya masa ƙafar da yake shirin mutuwa a kanta ta riga ta ajiye aiki. Na rasa inda zan sa kaina, Royce.

Ka huta lafiya.
Matar yayanka, Nadine

*

Toledo, Ohio
13 ga Oktoba, 1997

Uwargida ran gida, Nadine,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan Allah ya ƙara miki haƙuri da mu 'yan gidan Tackett, don dai taurin kai gadonmu ne. Wasiƙarki ta same ni a bakin ƙofa, a tsaye na karanta ta, sai da na nemi wurin zama.

Zan zo. Na sayi tikitin bas na ranar Juma'a, na kuma sa wa na'urar sabon batir.

Jiya na fito da faifan nan mai hoton tsohuwar mota a cikin ciyawa, na saka. Kin tuna? Shekarar saba'in da ɗaya, lokacin da samarin nan masu kiɗan rok, masu gashi har kafaɗa, suka zo daga California suna neman wanda zai sa musu kuka a waƙa. Yaya ya shiga da askinsa ƙwal da laƙataye a wuya, suna ta ce masa "Baba" alhali bai fi su da shekara biyar ba. Da ya zauna ya ɗora guntun ƙarfen da yake kiɗa da shi a kan wayoyin jitar, mai gangarsu ya ajiye sandunansa ya saki baki. Da yamma ɗaya ya gama musu, ya dawo gida ya gyara injin yankan ciyawa.

A waƙa ta uku, in mawaƙin ya kai ƙarshen baiti na biyu ya yi shiru, sai Yaya ya shigo daga ƙasa, a hankali. Sautin ya yi ta hawa, ya zo dab da inda za shi, ya ɗan tsaya kamar mai shakkar shiga gidan surukai, sannan ya shiga. Duk ƙasar nan an ji wannan wurin, a mota, a kanti, a wurin biki, amma ba su san sunan wanda ya yi ba. Masu ganin sun sani ma hannu suke yaba wa. Ba hannu ba ne, Nadine, idon sawu ne. Yana kwantar da ƙafar a kan feda ɗaya ya mirgina ta kan ta biyu. A kan keken ɗinkin Mama ya koya, tana kora shi yana dawowa, har ya karya mata allura ba iyaka.

To wannan ƙafar kike so in je in ce ta mutu. Zan faɗa, tunda gaskiya ce kuma ransa ya fi. Amma ki taya ni da addu'a, ban taɓa musa wa Yaya ba ko a kan wasan ƙwallo.

Ki yi mini burodin masara, ban ci na kirki ba tun rasuwar matata Opal.

Naki, ƙanin miji kuma abokin faɗa,
Royce

*

Madison
24 ga Oktoba, 1997

Royce,

Ina gaishe ka, don Mamata ta koya mini gaisuwa ko da wanda ya ɓata mini rai ne. Ina fatan bas ta kai ka lafiya. Ban raka ka tasha ba, kuma ka san dalili.

Haba Royce! Haba! Me ka yi mini ke nan?

Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin na ga komai. Ya cire silifa, ya ɗora ƙafar nan da bandeji a kan feda, ya ce, "Zauna nan, ƙanina, ka ji ko tsohon ya ƙare kamar yadda ake yaɗawa a kicin." Ya kama waƙar nan taka ta uku. Tun hawan farko ya tsaya a hanya, har haƙorana sai da suka yi tsami. Karenmu ma tashi ya yi ya fita. Na dube ka ina jira, sai na ga ka rufe ido, hawaye shaɓe-shaɓe har gemu. Da ya gama ka ce, "Yaya, kamar a faifai. Ko kaɗan bai kauce ba."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To madam, kin ji ko? Ko shi ma ɗan mawaƙan coci ne?"

Da na je goge fedar bayan kun fita baranda, jini ne a kanta, ya ratso bandejin. Shi bai ma ji ba. Washegari da kansa ya kira asibiti ya ce su ba wani ranar da suka sa masa ta yankan ƙafar.

Yanzu baƙin ya wuce yatsu, ya kama tafin ƙafa. Da yamma jikinsa kan yi zafi, ya ce mura ce. Shekara talatin da huɗu ina auren mutumin nan, na bi shi gari-gari da jita a bayan mota ina riƙe da jariri, ban taɓa roƙon wani abu a wurin danginsa ba sai wannan. Tsoronsa ka ji? Ko tausayi ne? In tausayi ne, ka sani tausayinka zai kashe shi.

Ka rubuta masa. Ni na gaji, bakina ya mutu.

Nadine

*

Toledo
29 ga Oktoba, 1997

Yaya Delmar,

Gaisuwa irin ta ƙani ga yayansa, da fatan zazzaɓin ya sauka. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka yaga.

Ban ji kiɗanka ba ranar nan. Injin buga ƙarfen da na tsaya a gabansa shekara da shekaru ya cinye mini saman kunne. Da na'urar ina jin muryar namiji in yana kusa, ina jin ganga, ina jin rufe ƙofa. Amma duk wani siririn sauti ya tafi, kuma jitarka a can sama take zaune. Ko faifan da na ce wa Nadine na saka, dugu-dugun ƙasa kawai nake ji, sauran daga kaina nake cikawa. Na zaci a ɗaki ɗaya da kai, kusa da lasifika, zan kama wani abu. Ban kama komai ba.

Ƙafarka na kalla. Na ga ta kwanta ta mirgina, sai waƙar ta taso mini a ka yadda take a saba'in da ɗaya, tsaf, har ɗan tsayawar nan. Ita na yi wa kuka, ita na yaba. Na so in faɗa a baranda, sai na ga yadda fuskarka ta washe, na kasa.

Don haka shaidata ba shaida ba ce. Nadine ke da gaskiya, kunnenta ƙalau yake ko da muryarta ba ta da daɗi. Ta ce ba ka kaiwa. Masu situdiyo ma abin da ya hana su kira ke nan.

Abin da ƙafar nan za ta yi ta riga ta yi, Yaya, yana cikin faifai, ba likitan da zai yanke shi. Mama ta tafi, Opal ta tafi, kai kaɗai ka rage mini wanda ya san ni tun ina yawo ba wando. Don girman Allah ka bari a cire ta. Ban san wata magana da zan ƙara ba, da na sani da na faɗa.

Ƙaninka mai biyayya,
Royce

*

Madison
4 ga Nuwamba, 1997

Ƙanina,

Na gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun.

Kai dai sakarai ne tun kana ƙarami. Ka ɗauka ban san ba ka ji ba? Na tsaya da kiɗa kana ta gyaɗa kai har yanzu. Kuma kun ɗauka ni ban san ba na kaiwa ba? Sugan ƙafa ya ci mini, bai taɓa kunne ba. Tun kafin Nadine ta lura na ji, tun kafin 'yan situdiyo. Kullum da safe nakan zauna in taka, in ji ya tsaya a hanya, in sake.

Amma ina zama, Royce. Ina ɗora ta a wurinta. Ran da aka cire ta, ko wannan mummunan sautin ba ni da shi, sai kujera da taga. Ku kuna da faifai. Ni faifai bai taɓa yi mini komai ba, ban ma cika son jin sa ba.

Na sa Nadine ta yi mini alkawari ba za ta sa hannu a takardar yanka a madadina ba, ko da na fita hayyacina. Ta yi, tana zagina.

Kada ka sake kashe kuɗin bas. Ka gaida mutanen Toledo.

Yayanka,
Delmar

*

Nashville
15 ga Nuwamba, 1997

Royce,

Ina gaisuwa. Daga asibiti nake rubutu.

Ranar Lahadi ya faɗi a banɗaki, bai san inda yake ba. Likita ya ce ko a yanke yanzu ko a kira fasto. Na sa hannu. Ruɓar ta riga ta hau, sai daga saman gwiwa suka yanke.

Ya farka. Zazzaɓin ya sauka, yana cin abinci, sun ce zai rayu. Ya ɗaga bargo ya duba sau ɗaya, ya dube ni, ya juya fuskarsa bango. Yana yi wa nas godiya, yana yi wa mai shara sannu. Ni ko sunana bai kira ba, kuma likita ya ce mako mai zuwa in tafi da shi gida.

Ka zo ka zauna da mu, don Allah. Kai kaɗai ne shirun nan ba zai dama ba.

Ka huta lafiya.
Nadine