Hoton Wuyan Gwaggo

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya sanyin Ingila? Gida lafiya lau.

Wani abu ya tsaya mini a rai game da ƙungiyar likitocin maƙoƙo da nake wa sakatare. Ɗaya daga cikinmu ya je kasuwar 'Yankara da sabuwar fijo, da sunan ƙungiya, ba da sanina ba. Ya sa mata sun yaye gyale, ya ɗauki hoton wuyansu, har da Gwaggonmu ta Mabai. Ya ce mata, "Hajiya, magani na tafe." Damina ta wuce, shiru.

Ban ce ha'inci ba ne. Amma ka riƙa duba mujallun likitocin can. In ka ga wuyan da ka sani, sanar da ni kafin taronmu.

A sa mu a addu'a, a gaida iyali. Gwaggo kuwa, ni take tambaya ina maganin.

Ƙaninka,
Lawal